Kek ɗin biki ba gulutin, ba waken soya: yaya za a yi ya tsaya da ƙafarsa kuma kada ya cutar da kowa?

Sabuwar Mai Kek: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin. Akwai kek ɗin biki nan da mako shida, mutum kusan 150. Amarya tana da cutar siliyak, ba ta taɓa duk abin da ke da gulutin, ƙanin ango kuma yana da alajin waken soya. Ana son kek mai hawa uku da kapkek. An yi gwaji biyu da garin shinkafa zalla. Na farko ya fito da tsaki-tsaki a baki kamar an barbaɗa yashi, na biyu ya lotsa a tsakiya, ƙasansa ya yi danƙo. Wane haɗin gari ya fi? Zantan gam, hodar da ke ɗaure kwaɓi a madadin gulutin, nawa ake sawa? Da me ake yin aisin, wato kirim ɗin da ake shafe kek da shi, tunda majarin yana da waken soya? Kuma kwana nawa kafin biki ya kamata a gasa?

Malamar Asibiti: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a zo maganar gari, a raba matsalolin nan biyu, don ba iri ɗaya ba ne. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Mai siliyak idan ya ci, garkuwar jikinsa ce ke juyawa ta far wa bangon ƙaramin hanji, kuma ɓarnar tana faruwa ko da bai ji ciwo a ranar ba. Alajin soya kuwa nan take yake nuna kansa: ƙaiƙayi, kumburin leɓe, amai, a wasu mutane har toshewar numfashi. Ƙa'idar da Amurka ta kafa a 2013, wadda ita ce kuma ta Tarayyar Turai, ita ce ba a ce wa abinci marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Ki lissafa da kanki. Fulawar alkama kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta gulutin ne, don haka abin da za ki ɗan tsinka da yatsu biyu ya isa ya fitar da kek mai kilo ɗaya daga ƙa'ida. Ƙaramin cokali guda zai ɓata kusan kilo goma. Kuma zafin obin ba ya kashe gulutin, ba ƙwayar cuta ba ce.

Abu biyu ki tambayi masu bikin a rubuce. Na ɗaya, ita amarya siliyak ce kawai ko tana da alajin alkama? Akwai garin da ake sayarwa da sunan marar gulutin amma an yi shi da sitacin alkama da aka wanke. Ya dace da yawancin masu siliyak, bai dace da mai alajin alkama ba. Na biyu, shi mai alajin soya likitansa ya yarje masa lesitin (wani kitse da ake sawa a abinci don haɗa mai da ruwa, yawanci daga waken soya ake samunsa) da tataccen man waken soya ko bai yarje ba?

Anti Mai Kek: Garin shinkafa zalla ba zai taɓa ba ki kek ɗin biki ba, ko wa ya kwaɓa. Fulawa aiki uku take yi lokaci guda: tana ba da jiki, tana riƙe iska, tana shan ruwa. Babu gari guda da zai maye gurbinta, sai an haɗa. Ga haɗin kilo ɗaya da ke bayar da kek mai laushi kuma yana ɗaukar nauyi:

garin farar shinkafa mai laushi sosai, giram 500
garin farar dawa, giram 150
sitacin dankalin turawa, giram 200
sitacin rogo, giram 150

Ki kula, sitacin dankali nake nufi, fari fat mai ƙara a tsakanin yatsu, ba garin dankali ba. Garin dankali yana da nauyi da launin ƙasa-ƙasa, yana zuƙe ruwa ya mayar da kek kamar dafaffen dankali. Dawar ita ke kawo ɗanɗano da ɗan furotin da ke taimaka wa kek ya yi launi. Idan ana son ciki fari tas, a cire ta a mayar da shinkafar 650, amma ɗanɗanon zai ɗan yi lami. Sitacin rogo kada ya wuce abin da na rubuta, shi ne ke sa danƙo idan ya yi yawa.

Tsakin da kika ji daga niƙa yake. Ki murza garin shinkafar tsakanin babban yatsa da manuni. Idan kin ji ƙwaya-ƙwaya, haka za a ji a baki. Ya zama kamar hoda. Ki tankaɗe haɗin sau uku, ki zuba a roba mai murfi ki girgiza, saboda sitaci yana son ya kwanta a ƙasa. Kuma daga yau ki ajiye kofin awo, ki ɗauki sikeli. Kofi ɗaya na wannan gari zai iya bambanta da giram 30 tsakanin ɗiba da ɗiba, kuma a kek marar gulutin wannan bambancin kaɗai ya isa ya rusa shi.

Malam Mai Burodi: Na yarda da haɗin Anti. Ga kwaɓi guda na banila, gwangwani biyu masu faɗin santimita 20:

haɗin gari giram 300, sukari 280, bota 115, man sanfulawa 50, ƙwai manya 4, yogot marar sukari ko madara 180, bekin foda giram 12, zantan gam rabin ƙaramin cokali da ɗan ɗori, gishiri rabin ƙaramin cokali, banila ƙaramin cokali 2.

Bota ta yi laushin da yatsa zai shiga amma ba ta narke ba, wajen digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyas. A buga ta da sukari minti huɗu zuwa biyar har ta yi haske, a zuba mai, sannan ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Zantan a gauraya shi cikin busasshen gari tukuna. Idan ya haɗu da ruwa shi kaɗai yana dunƙulewa ya zama ƙwallaye masu yauƙi da ba sa warwarewa. A zuba gari kashi uku, yogot kashi biyu a tsakani, a ƙara bugawa minti ɗaya cikakke. A nan babu tsoron da ake ji da fulawa na cewa yawan bugu zai taurara kek, tunda babu gulutin da zai tashi.

Dalilin raba kitsen gida biyu: bota don ɗanɗano da riƙe iska, mai don laushi, saboda mai ba ya daskarewa idan kek ya yi sanyi. Kuma an rage kitsen gaba ɗaya, domin garin shinkafa da sitaci ba sa shan mai kamar fulawa. Wanda ya ɗauki tsohon lissafinsa na fulawa ya sauya gari kawai zai ga mai yana tsatsowa a takardar kapkek.

Sai abin da mutane da yawa ke tsallakewa: a rufe kwaɓin a bar shi minti 20 zuwa 30 kafin ya shiga wuta. A wannan hutun ne garin shinkafa ke shan ruwa ya yi laushi, tsakin ya tafi.

Sabuwar Mai Kek: Malam, idan aka bar kwaɓi rabin awa ba bekin foda za ta mutu ba?

Malam Mai Burodi: Ya danganta da irin ta. Mai aiki sau biyu tana sakin iska kaɗan idan ta jiƙa, sauran sai ta ji zafi, don haka hutun bai dame ta ba. Amma idan da kanki kika haɗa, wato kashi ɗaya na bekin soda da kashi biyu na kirim-of-tata (wata farar hoda mai tsami), wannan sau ɗaya take aiki, da ta jiƙa ta fara. A wannan hali ki huta da kwaɓin babu ita, sannan ki tankaɗa ta a kai, ki juya sosai, ki sa a obin nan take.

Hajiya Babba: Duk wannan daidai ne, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Gari kowa na lura da shi. Inda ake faɗawa shi ne ƙananan kayan da ba a zargi. Bari in lissafo su yadda suke zuwa a kan teburin aiki.

Feshin man da ake fesa wa gwangwani: kusan kullum akwai lesitin na soya, wanda aka yi don gashi kuma har da fulawar alkama a ciki. A bar shi. A shafa bota, a shimfiɗa takardar gashi a ƙasa, a barbaɗa garin shinkafa a gefe. Man da aka rubuta masa man kayan lambu kawai ba tare da an faɗi na mene ne ba, sau da yawa na soya ne ko gauraye. A sayi wanda sunan abin ya fito ƙarara, sanfulawa ko kanola. Majarin da daskararren kitsen aisin, yawancinsu soya ne. Cakulan, fari ko baƙi, yawanci da lesitin na soya. Akwai masu lesitin na sanfulawa, akwai waɗanda babu lesitin sam, sai an nema. Lambar da ake rubuta wa lesitin a bayan kwali E322 ce, kuma lambar ita kaɗai ba ta faɗin tushensa. E471 ma ana iya yinsa daga man soya. Bekin foda da sukarin aisin ana sa musu sitaci don kada su dunƙule. Yawanci na masara ne, amma akwai masu sa na alkama. Ƙananan ƙwallayen ado masu launi da na azurfa, a cikinsu ana samun sitacin alkama da lesitin duka. Garin koko na cakulan zalla ba matsala, amma na shan shayi mai sukari yakan zo da lesitin, wani ma da malt, shi kuwa malt daga sha'ir yake. Har garin da aka haɗa aka rubuta masa marar gulutin, wasu akwai garin soya a cikinsu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kowane kwali a karanta bayansa ranar da aka saya, ko da an saba da shi, don masana'antu suna sauya haɗi ba tare da sun sauya hoton gaba ba. A ɗauki hoton kowane a aika wa masu bikin.

Malam Mai Burodi: Hajiya, a kan lesitin ina ganin an ɗan tsananta. Furotin ne ke tayar da alaji, shi kuwa lesitin kitse ne, furotin ɗin da ya rage a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Yawancin masu alajin soya suna cinsa lafiya. Tataccen man soya ma dokar Amurka ta 2004 kan rubuta abubuwan alaji ta keɓe shi, haka ma a Tarayyar Turai. Idan aka ce sai cakulan marar lesitin, an ƙuntata wa mai aiki ba dalili.

Malamar Asibiti: Malam, maganarka gaskiya ce a kan yawanci. Amma ba yawanci za a ciyar ba, mutum ɗaya ne, kuma ba mu san nasa ya kai ina ba. Ka lura kuma dokar da ka ambata man ta keɓe, ba ta keɓe lesitin gaba ɗaya ba, shi ya sa ake ganinsa a rubuce a jikin cakulan. Wannan hukunci na likitansa ne da shi kansa. Idan amsa ta zo cewa yana ci, an sami sauƙi. Idan ba ta zo ba, a ɗauka ba ya ci. Wurin biki akwai hayaniya, mutum zai iya fara shaƙewa a kusurwa ba wanda ya lura. Idan yana da allurar adirenalin ta gaggawa, ya zo da ita, wani na kusa da shi ya san inda take.

Malam Mai Burodi: Na karɓa. A kan haka sai in ƙara da zantan ɗin kansa. Ƙwayar bakteriya ce ke samar da shi idan aka ciyar da ita sukari, kuma abincin da ake ba ta a wasu masana'antu daga masara yake, a wasu daga alkama ko soya. A nemi wanda aka rubuta masa babu gulutin babu soya. Idan bai samu ba, guwa gam, wato E412, yana aiki a kek, sai a sa kusan ɗaya da rabi na adadin da ake sawa na zantan.

Mai Ado: Ni shawarata a rage wahala. Hawan sama kaɗai a yi shi marar gulutin don amarya, na ƙasa biyu a yi na fulawa yadda aka saba, sun fi ƙarfi wajen ɗaukar nauyi. Kapkek dozin guda a keɓe wa masu lalura.

Hajiya Babba: A'a 'yar uwa, wannan ita ce hanyar da ta fi haɗari duk da ta fi kama da sauƙi. Wuƙar shafa aisin guda ce za ta zagaye hawa ukun. Sandar da ake sokawa ta tsakiya tana ratsa su duka. Wurin yanka, mai rabo wuƙa ɗaya ke hannunsa, zai yanka na ƙasa ya koma na sama, marmashi yana manne a jiki. Sannan a kicin fulawa na tashi a iska idan ana tankaɗe ko miksa na juyawa, ta ɗauki awanni kafin ta gama sauka a kan duk abin da ke buɗe. Ko dai kek ɗin duka ya zama marar gulutin da soya, ko a yi wa masu lalura nasu daban, a rana daban, a kwali rufaffe, a teburi daban. Kuma amarya ce fa. Kek ɗin da za ta yanka a gaban jama'a ya zama wanda za ta iya ci daga kowane gefe.

Anti Mai Kek: Ina bayan Hajiya. Maganar ƙarfi kuma, ba kek ke ɗaukar nauyin kek ba, sanduna da faranti ne. Za mu zo nan.

Tsaftar wurin aiki tukuna. Abin da ba ya wankuwa daga fulawa a sayi sabo: rariya, muciya da katakon aiki na itace, burushin shafa, jakar matsa aisin ta yadi, gwangwanin da ya karce. Ƙarfe mai santsi da gilashi suna wankuwa da ruwan zafi da sabulu, da sabon soso. Miksa ita ce maɓoya. Ki kifa kanta ki duba inda sandar bugu ke shiga, za ki ga tsohuwar fulawa ta daskare a zagayen, kuma da ta fara juyawa sai ta riƙa zubowa cikin kwano. A goge da jiƙaƙƙen tsumma da tsohon burushin haƙori har ya fito fes. Obin mai fanka a share shi, don fankar na kwaso marmashin ƙasa. Bota da sukari a buɗe sababbi, ba waɗanda cokalin fulawa ya taɓa shiga ba. Kada a taɓa fulawa a kicin ɗin kwana guda kafin aikin. Kuma idan gari za a kai niƙa, injin da ya taɓa niƙa alkama ko waken soya ya ɓata shi tun kafin ya iso gida. Gara wanda aka niƙa aka rufe a masana'antar da ta rubuta shaidar babu gulutin.

Sabuwar Mai Kek: Allah ya saka da alheri. To lotsawar tsakiya da danƙon ƙasa fa, me ke kawo su?

Anti Mai Kek: Sau da yawa rashin gasuwa ne. Kek marar gulutin yana yin launi a sama tun cikinsa bai nuna ba, kuma tsinke yana iya fitowa a bushe alhali sitacin tsakiya bai gama kamawa ba. Da ya fito ya sha iska sai ya zauna. Maganinsa ma'aunin zafi mai tsini: a soka a tsakiya, ya nuna digiri 96 zuwa 99. A gasa a 165 zuwa 170, minti 30 zuwa 38 ga gwangwanin santimita 20. Obin mai fanka a rage digiri 15. Kada a buɗe ƙofa kafin minti 25.

Idan ya gasu kuma duk da haka ya lotsa, bekin foda ta yi yawa: ya tashi fiye da abin da jikinsa zai riƙe. A rage giram 2 a sake. Idan akwai layi mai duhu mai danƙo a ƙasa kamar ba a gasa ba, ko ruwa ya yi yawa, ko zantan, ko ƙwai da yogot sun shiga da sanyin firji sun tsinka kwaɓin. Idan kuma yana rugurgujewa wurin yanka, zantan ya yi kaɗan ko an yanka da ɗumi. Tsakanin kaɗan da yawa a zantan rubu'in cokali ne kawai, shi ya sa ake shafe bakin cokalin da wuƙa.

Babban gwangwani na santimita 25 yana da nasa hali. Gefe na ƙonewa tsakiya na ɗanye. A sauke wuta zuwa 160, a kifa ƙusar furen aisin ta ƙarfe a tsakiyar gwangwanin kafin a zuba kwaɓi don ta kai zafi ciki, a naɗe gwangwanin da jiƙaƙƙen ƙyalle na gashi. Kuma a kowane hawa gara faifan kek uku marasa kauri da biyu masu kauri. Bayan fitowa a bar shi minti 15 a gwangwani kafin a kife, da zafinsa ba shi da ƙwari ko kaɗan.

Malam Mai Burodi: Lissafin yawa. Hawa uku na santimita 15, 20 da 25, kowane tsayinsa wajen 10, a yankan biki suna ba da kusan 12, 24 da 38, jimla 74. Sauran mutanen kapkek 84 ya rufe su har da rara. Kwaɓin da na bayar nauyinsa kusan giram 1,150 ne. Faifai uku na 20 suna cin kwaɓi ɗaya da rabi. Don sauran, faɗin fili ake lissafawa ba faɗin baki ba: na 15 yana cin 0.56 na abin da na 20 ke ci, na 25 yana cin 1.56. Idan aka tara, kek ɗin kwaɓi biyar ne. Kapkek giram 50 zuwa 55 kowane, kwaɓi guda na ba da 21 ko 22, wato kwaɓi huɗu. Tara ke nan: gari kilo 2.7, ƙwai 36, sukari kilo biyu da rabi, bota kilo ɗaya da ɗori, ban da na aisin. A haɗa gari kilo huɗu lokaci guda don gwaji da aikin su fito daga haɗi ɗaya. Kada a ninka kwaɓi fiye da biyu a miksar gida, zantan ba ya rabuwa daidai a kwaɓi mai yawa.

Mai Ado: Na sauka daga maganata ta farko, hujjar ta fi ni. Bari in biya da aisin. Wanda ya fi dacewa shi ne na farin ƙwai da bota, babu sukarin aisin balle a damu da sitacinsa. Farin ƙwai giram 150, sukari 300, bota 450. A ɗora kwanon farin ƙwai da sukari a kan tukunyar ruwa mai tururi, ana juyawa har ya kai digiri 71, ki murza a yatsa ki ji babu ƙwayar sukari. A buga har ya yi tsini kuma gindin kwanon ya huce. Sannan bota gutsure-gutsure. Zai kai wani matsayi ya yi kamar ya tsinke ya zama gudaji, kada a tsorata, a ci gaba da bugu zai haɗe. Idan ya yi ruwa, kwanon bai huce ba, a sa a firji minti 15 a sake. Wannan aikin zai ci irin wannan haɗin shida zuwa bakwai, idan kowane kapkek ya sami giram 35.

Damuwa guda ita ce zafi. Bota tana narkewa daga digiri 32 zuwa 35, tana fara saki tun kafin nan. Idan wurin bikin babu sanyi, a rufe wajen kek ɗin da ganash: cakulan baƙi kashi biyu, kirim kashi ɗaya, ko fari kashi uku zuwa huɗu da kirim ɗaya, da cakulan da aka tabbatar babu soya. Ganash yana daskarewa ya zama kamar ɓawo, yana riƙe kek mai taushin jiki. Fondan na kanti, wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek, a karanta shi da kyau, wasu na da lesitin.

Gwaiduwar da za ta rage, fiye da 30, ana iya yin kirim ɗin lemon tsami da ita don tsakiya. Sai dai a yi masa katanga da aisin a zagaye don kada ya tsartu, kuma irin wannan ciko ba ya wuce awa biyu a waje da firji, awa ɗaya idan zafi ya haura 32.

Anti Mai Kek: Saura lokaci. Kek marar gulutin yana saurin bushewa saboda sitacinsa da yawa, kuma sitaci yana taurara da sauri a sanyin firji fiye da ko'ina. Firiza kuwa tsayar da shi take yi. Don haka kada a gasa kwana uku kafin biki a ajiye tsirara a firji. A gasa mako ɗaya ko biyu kafin, ya huce sarai, a naɗe kowane faifai da leda sau biyu, a sa a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili. Saura kwana biyu a fito da su, a bar su a cikin ledarsu don raɓar ta taru a waje ba a jikin kek ba. A daidaita samansu tun suna da sauran ƙanƙara, lokacin ba sa marmashi. A shafa ruwan sukari, sukari da ruwa daidai wa daida da aka tafasa, cokali biyu zuwa uku a kowane faifai na 20, kada a jiƙa shi sharkaf. A cika, a yi shafar farko siririya mai kama marmashi, firji minti 30, sannan shafar ƙarshe. Da aisin ya rufe shi, kwana ɗaya ko biyu a firji ba ya cutar da shi.

Kowane hawa a kan farantinsa na kwali mai kauri. A hawan 25 a soka sanduna biyar a cikin zagayen da na 20 zai zauna, a na 20 a soka huɗu. A auna sanda ɗaya a yanke sauran da ita, ba kowace da wurinta ba, in ba haka ba hawan sama zai karkace. A ɗauke su daban-daban da sanyinsu, a shimfiɗe a ƙasan mota ba a kan kujera ko cinya ba, a ɗora a wurin bikin. A ba shi awa biyu zuwa uku ya saki kafin yanka, da sanyi bota tana da tauri, kek ɗin zai yi kamar ya bushe alhali bai bushe ba.

Hajiya Babba: Kapkek nasu ya fi sauƙi amma sun fi saurin bushewa. A cika takarda kashi biyu cikin uku, digiri 170 zuwa 175, minti 18 zuwa 22. Bayan minti biyar a fitar da su daga gwangwani zuwa kan raga. Idan aka bar su a ciki, ko aka rufe su da ɗumi, tururi ke sa takarda ta saki jiki ta buɗe. Ko a gasa ana gobe biki, ko a daskarar kamar manyan, aisin kuwa da safiyar ranar. A sa kati a teburi da ya faɗi abin da babu da abin da akwai, domin akwai ƙwai da madara, kuma wani baƙon nasa alajin ke nan. Wuƙa da faranti na kek ɗin su zo a naɗe daga kicin ɗinki, a gaya wa mai rabo baki da baki kada su taɓa wani abincin.

Sabuwar Mai Kek: Na gode ƙwarai, Anti, Hajiya, Malam, kowa da kowa. Tambaya ta ƙarshe. An ce garin almon yana ƙara laushi da daɗewa. A sa?

Malam Mai Burodi: Yana yi. Idan aka cire giram 60 daga 300 na haɗin aka sa almon, kek ɗin ya fi danshi har kwana uku, sai a rage mai da giram 10 tunda almon yana da nasa. Amma hawan ƙasa zai ɗan fi taushi.

Malamar Asibiti: A taron mutum 150 da ba a san kowa ba, kin cire abin alaji biyu kin shigo da na uku, kuma alajin almon da danginsa yana cikin masu tsanani. Idan za a sa, sai masu bikin sun amince kuma katin ya faɗa da manyan baƙaƙe. Haka ma garin hatsin ots da wasu ke ba da shawara: sau da yawa yana gauraye da alkama tun daga gona da wurin niƙa, kuma ko tsarkakakkensa akwai masu siliyak da ba sa ɗauka. Ki fara gwada kwaɓin Malam yadda yake a wannan makon, faifai ɗaya ki daskarar da shi kwana bakwai, ki narkar, ki shafa aisin, ki bar shi kwana biyu a firji da awa uku a waje, sannan ki yanka siriri ki ga ko yankan zai tsaya a kan faranti.